Ƙofar Garejin Borg da Yaran da Suka Kwaikwaye Shi

'Yan uwa, yau yaro zai kalli atisayen Alcaraz a waya, ya fita tsakar gida ya fara maimaitawa. Wannan ɗabi'a ta girmi intanet, kuma babu inda ta bar tarihi kamar ƙasar Suwidin.

An haifi Björn Borg a 1956, ya tashi a garin Södertälje kusa da Stockholm. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya ci kyautar raket a gasar tanis ta tebur, ya ba shi. Yaron ya mai da ƙofar garejin gidansu abokin wasa, yana buga mata ƙwallo sa'o'i, tana dawo masa da ita. Raket ɗin na manya ne, ya yi masa nauyi, sai ya riƙa kama shi da hannu biyu, kamar yadda ya saba riƙe sandar hoki ta kan ƙanƙara. Wato bugun da duniya ta zo tana sha'awa, lalura ce ta haife shi.

Da Borg ya ci gasar Faransa a 1974 yana ɗan shekara 18, sannan ya ɗauki kofin Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, sai yaran Suwidin suka rufar wa bangaye da ƙofofin gareji. Har ɗaurin goshinsa aka kwaikwaya. Abin ya yi albarka: Mats Wilander, mai bugu da hannu biyu irin nasa, ya ci gasar Faransa a 1982 yana da shekara 17. A 1988 kuwa manyan gasanni huɗu duka 'yan Suwidin ne suka kwashe, uku na Wilander, Wimbledon ta Stefan Edberg.

Amma a ganina labarin Edberg ne ya fi kamata iyaye su ji. Shi ma da hannu biyu ya fara, kamar sauran tsararsa. Koci Percy Rosberg, wanda ya horar da Borg yana yaro kuma ya ƙyale shi da salonsa, shi ne ya sa Edberg ya koma hannu ɗaya, domin wasansa na matsawa gaban raga ne. Koci ɗaya, yara biyu, shawara daban. Da hannu ɗayan Edberg ya ci manyan kofuna shida.

Shi kansa Borg bai tsaya a gareji ba. Yana shiga jirgin ƙasa zuwa Stockholm wajen horo, kuma yana ɗan shekara 15 ya buga wa ƙasarsa gasar Kofin Davis a 1972, ƙarƙashin Lennart Bergelin, mutumin da ya ci gaba da zama kocinsa har ya ajiye raket a 1983.