Tarihin Sana'ar Man Gyaɗa da Ƙuli-ƙuli a Hannun Mata

Gyaɗa asalinta daga Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka ta Yamma. Tun kafin mulkin mallaka manoman ƙasar Hausa ke shuka ta a gefen hatsi, matan gida kuma su ne ke sarrafa ta. Sukan ɓare ta, su soya, su murje, su daka a turmi, sannan su yi ta juyawa da ruwan zafi har mai ya fito. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a toya ta zama ƙuli-ƙuli.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta zama hajar fitarwa waje. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa saye wa kamfanonin Turawa, buhuna suka taru har aka yi dalar gyaɗa. Daga 1949 hukumar ciniki ta gwamnati ce ke yanke farashi. Wannan babban ciniki na maza ne. Rabon mata shi ne abin da aka bari a gida, da wanda suka saya tiya-tiya a kasuwar ƙauye.

Duk da haka sana'ar ta yi daidai da zaman kulle. Mace na aikinta a tsakar gida, yara su kai talla, kuɗin kuma nata ne, domin a shari'ar Musulunci dukiyar mace ba ta miji ba ce. Da ribar take zuba adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da kuturtar gyaɗa ta 1975, sun durƙusar da noman, ga hankalin gwamnati ya koma kan man fetur. Fitar da gyaɗa ya tsaya, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Gyaɗar da ake nomawa ta koma kasuwar cikin gida, inda masu matsar mai a gida suka zama manyan masu saye.

A wannan lokaci ne hukumomi suka waiwayi matan karkara. Uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Maryam Babangida, ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwarsu a 1987, aka kafa ƙungiyoyin gama kai, aka raba injinan niƙa. Hukumomin raya aikin gona na jihohi suka buɗe sashen mata, da malaman gona mata masu shiga gidajen kulle. A Kano, ƙungiyar WOFAN, wadda aka kafa a 1993, ta ɗora da horar da mata sarrafa gyaɗa da shinkafa.

Injin markaɗe ya rage wahalar daka, har mace kan sarrafa buhu guda a lokacin da a da take yin 'yan tiyoyi. Matsalolin da suka rage su ne ƙarancin jari, da tsadar gyaɗa idan kaka ta wuce, da gogayya da man kamfanoni.