Rediyon kasuwa mai waƙoƙin yayi: asalinsa, aikinsa da matsayinsa a iyakar Malanville da Gaya

Rediyon kasuwa mai waƙoƙin yayi gidan rediyo ne mai zaman kansa da ke watsa shirye-shirye a zangon FM, yana rayuwa da kuɗin talla da na sanarwa, kuma mafi yawan lokacinsa yana tafiya ne wajen kaɗa waƙoƙin da ke tashe a wannan mako ko wannan wata. Ya bambanta da rediyon gwamnati, wanda baitulmali ke ɗaukar nauyinsa, ya kuma bambanta da rediyon al'umma, wanda ƙungiya ko karkara ke mallaka ba don neman riba ba. A yankin da ƙasashen Benin da Nijar da Najeriya suka haɗu a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, irin wannan tasha tana da matsayi na daban, domin muryarta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Yankin da ake magana a kai

Garou na ɗaya daga cikin ƙananan yankuna biyar na karkarar Malanville, a jahar Alibori da ke ƙuryar arewacin Benin. Sauran huɗun su ne Malanville kanta da Guéné da Madécali da Toumboutou. Ƙidayar jama'a ta 2013 ta nuna karkarar na da mutane fiye da 168,000. Daga Malanville zuwa Kwatano tafiyar fiye da kilomita 700 ce, alhali garin Gaya na jahar Doso a Nijar yana tsallaken gada kawai, jihar Kebbi ta Najeriya kuma tana gabas, bayan Madécali.

Dendanci ne ya fi ƙarfi a yankin, sai Fulatanci da Zabarmanci da Hausa, Faransanci kuma shi ne harshen makaranta da ofis. Hausawa ba su ne masu rinjaye ba, amma harshensu yana ci a kasuwar Malanville, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin ƙasar, inda ake cinikin albasa da shinkafa da hatsi da dabbobi. Ƙasashen uku agogonsu ɗaya ne, saboda haka shirin ƙarfe takwas na dare a Gaya shi ne na ƙarfe takwas a Garou da Kamba.

Inda tsarin ya samo asali

A Amurka aka ƙirƙiro wannan salo a farkon shekarun 1950. Todd Storz, mai gidan rediyon KOWH a birnin Omaha, ya lura cewa mutane sun fi son su yi ta maimaita jin ƴan waƙoƙin da suke ƙauna a kan a kawo musu sababbi barkatai. Sai ya taƙaita jerin waƙoƙin tasharsa, yana jujjuya su dare da rana. Wannan ne ya zama tsarin da aka sani da Top 40, wato waƙoƙi arba'in mafi farin jini. A watan Agustan 1958 mujallar Billboard ta fara fitar da jadawalinta na Hot 100, wanda har yau shi ne ma'aunin waƙoƙin yayi a Amurka.

Zangon FM kuwa, wanda injiniya Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ya dace da kiɗa saboda sautinsa garau yake, ba ya ƙara irin ta gajere ko matsakaicin zango. Yana tsakanin mita 87.5 zuwa 108. Rauninsa shi ne ba ya nisa: siginarsa tana tafiya ne a miƙe daga kan eriya, iyakarta kilomita gommai, gwargwadon tsawon turke da ƙarfin na'urar watsawa. Shi ya sa rediyon FM kusan kullum na gari ɗaya ne da ƙauyukan kewayensa.

Yadda aka buɗe ƙofa a ƙasashe uku

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 rediyo a ƙasashen uku mallakar gwamnati ne. A Benin, babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 da kundin tsarin mulki na 11 ga Disamban wannan shekara ne suka samar da hukumar HAAC mai kula da kafafen watsa labarai. Dokar da ta ba ƴan kasuwa damar buɗe rediyo da talabijin ta fito a watan Agustan 1997, daga nan tashoshi irin su Golfe FM da CAPP FM suka bayyana a Kwatano. A arewa, Paraku ce ta zama cibiya, da tashoshi irin su Fraternité FM da Arzèkè FM, ga kuma tashar yanki ta gidan rediyon ƙasa, tsohon ORTB da yanzu ake kira SRTB. A Alibori rediyon karkara da na al'umma ne suka fi yin suna, kamar Bani Gansé ta Banikoara.

A Nijar, bayan taron ƙasa na 1991, tashar R&M ta fara aiki a Yamai a 1994. Sunanta kansa, Radio et Musique, ya nuna abin da ta sa gaba. Anfani da Ténéré da Saraounia sun biyo baya, wasunsu har da rassa a jahohi. A Gaya akwai Radio Fara'a mai zaman kanta.

A Najeriya, dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa hukumar NBC, ta kuma halatta tashoshi masu zaman kansu. RayPower ta Raymond Dokpesi ta fara watsa shiri a Legas a 1994. A arewa, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 a kan mita 99.5.

Misalin Kano

A ƙasar Hausa, Kano ce ta fi nuna yadda kasuwar rediyo ke rarraba masu sauraro. Rukunin kamfani guda ne ke da tashoshi uku a birnin: Cool FM a mita 96.9, mai kaɗa waƙoƙin yayi da Ingilishi domin matasa da ɗalibai. Wazobia FM a 95.1, mai magana da gwamutsen Turancin kasuwa. Da Arewa Radio a 93.1, mai watsa shiri da Hausa. Kowace na da nata jerin waƙoƙi, da nata masu talla.

Ƙaramin gari ba ya iya wannan rabo. Kasuwar talla ba ta kai ta ciyar da tasha uku ba, saboda haka tasha ɗaya ce ke ɗaukar komi: labarai da safe, sanarwa da hantsi, wa'azi, shirin manoma, sa'an nan waƙoƙin yayi da yamma da dare, kowane harshe da nasa lokaci. Abin da ake kira rediyon waƙoƙin yayi a bakin iyaka, galibi wani kaso ne na jadawalin tasha mai haɗa abubuwa da yawa.

Yadda ake tsara waƙoƙi

A manyan tashoshi akwai jami'in da aikinsa ke nan, zaɓen waƙa. Yakan kasa su gida uku: waɗanda ke kan ganiyarsu, da ake maimaitawa sau da yawa a yini, sababbi da ake gwadawa, da tsofaffin da suka taɓa tashe, da ake sakawa jefi-jefi. Ana raba kowace sa'a tsakanin waƙa da talla da taken tasha da surutun mai gabatarwa, kwamfuta kuma ita ke jera su. A ƙaramar tasha, mai gabatarwa ne ke zaɓe da kansa daga abin da ke cikin kwamfutar situdiyo ko wayarsa.

Najeriya ta samu jadawalin ƙasa a 2020, lokacin da TurnTable ta fara haɗa alƙaluman rediyo da talabijin da manhajojin sauraro tana fitar da su mako-mako. A 2022 Billboard ma ta buɗe jadawali na musamman domin Afrobeats. Amma a garuruwan iyaka ma'aunin ya fi kusa da ƙasa: waƙar da aka fi nema a shirin zaɓi-sonka, wadda masu tura waƙa a bakin kasuwa suka fi sayarwa, wadda ake ji a gidan biki da tashar mota, da wadda ta cika TikTok.

Waƙoƙin da ake ji

Rafi huɗu ne ke kwarara wuri guda. Na farko waƙoƙin Hausa na zamani daga situdiyoyin Kano da Kaduna, na mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Ado Gwanja da Fati Nijar, da Hamisu Breaker, wanda waƙarsa "Jaruma" ta mamaye kafafen sada zumunta a 2020. Na biyu Afrobeats na Legas, na su Wizkid da Davido da Burna Boy, wanda ya ci kyautar Grammy a 2021, da Rema, wanda "Calm Down" ɗinsa tare da Selena Gomez ta kai matsayi na uku a Hot 100 a 2023. Na uku kiɗan ƙasashe masu amfani da Faransanci: kupe-dekale na Abijan, wanda marigayi DJ Arafat ya ɗaukaka kafin rasuwarsa a Agustan 2019, da rumbar Kwango, da mawaƙan kudancin Benin irin su Fanicko da Zeynab da Vano Baby. Na huɗu mawaƙan Nijar masu rera da Zabarmanci da Hausa, kamar Mali Yaro da ƙungiyar Tal National. Kusancin Zabarmanci da Dendanci ya sa waɗannan ba baƙi ba ne a kunnen mutanen Malanville.

Lokaci ma yana canza jerin. Da azumi tashoshin garuruwan Musulmi sukan rage kiɗa su ba tafsiri fili, da salla da kakar bukukuwan aure kuma waƙoƙin biki su dawo da ƙarfi.

Daga ina kuɗi ke shigowa

Hanya uku ce babba. Akwai tallan kamfanoni, musamman na waya: MTN da Moov Africa da Celtiis a Benin, Airtel da Moov da Zamani a Nijar. Akwai sanarwar jama'a: ɗaurin aure, suna, rasuwa, cigiyar dabba ko takarda, da gaishe-gaishe. Sai sayar da fili ga ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati da masu maganin gargajiya da ƴan siyasa. A ƙananan garuruwa na biyu da na uku sukan fi na farko kawo kuɗi, domin manyan kamfanoni a Kwatano da Yamai da Legas suke yanke shawarar inda za su kai talla.

Kashewa kuwa wuta ce kan gaba. Na'urar watsawa da sanyaya situdiyo ba sa jiran SBEE ko Nigelec su dawo da lantarki, dole a tada janareto ko a kafa faifan hasken rana. Ga albashi, ga kuɗin lasisi, ga haƙƙin mawaƙa da doka ta ɗora wa duk mai kaɗa waƙa a bainar jama'a, wanda BUBEDRA ke karɓa a Benin, BNDA a Nijar. Inda tasha ta gaza biyan ma'aikata yadda ya kamata, nan ne al'adar karɓar na goro daga mawaƙi kafin a sa waƙarsa ke samun gindin zama, kuma mawaƙin gida marar hali shi ke kwana ciki.

Rufe iyaka da hannun hukuma

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya shafi wannan kasuwa kai tsaye. Takunkumin CEDEAO ya sa aka rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano, Najeriya kuma ta katse wutar da take ba Nijar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata, jama'a suka koma ƙetarawa a kwalekwale. Idan ciniki ya ja baya, kuɗin talla na cikin abin da ɗan kasuwa ke fara yankewa. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta ƙara rage ƙimar abin da mai talla daga Najeriya ke iya biya da sefa.

Hukumomi ma sun ƙara sa ido. A Agustan 2023 HAAC ta dakatar da kafafen rukunin Golfe kan yadda suka ba da rahoton al'amuran Nijar. A watan ne kuma mahukuntan Yamai suka dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. Wannan ya taɓa tashoshin FM da ke karɓo shirye-shiryen Hausa na waɗannan kafafe suna sake watsawa. Waƙa ita ma ba ta tsira ba: a Afrilun 2025 NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin na Najeriya sa wata waƙar Eedris Abdulkareem mai sukar gwamnati.

Abin da yake nufi ga Hausawan Benin

Yaron Bahaushe a Garou yana karatu da Faransanci, yana wasa da Dendanci, Hausa kuma a gida da kasuwa yake jin ta. Waƙar yayi da muryar mai gabatarwa na cikin ƴan wuraren da yake haɗuwa da Hausar zamani, irin wadda tsararsa ke yi a Kano da Maraɗi. Shirin gaishe-gaishe kuma yana yin aikin zumunci: mace da aka kai aure Gaya tana iya gaida iyayenta a tsallaken kogi, su ji a akwatin rediyo ko a waya ba tare da sayen data ba.

Wayar hannu ta rage wa rediyo ikon da yake da shi na fara gabatar da sabuwar waƙa. Audiomack da Boomplay da YouTube sun riga shi, Spotify ma ta shigo ƙasashen uku a 2021. Tashoshin da suka fahimci haka sun koma watsa shiri kai tsaye a Facebook, suna karɓar saƙon murya ta WhatsApp, suna ƙara wa labarin gari da farashin kasuwa lokaci. Yawan sa'o'in da Hausa ke samu a jadawalin irin waɗannan tashoshi kuwa ya danganta ne da yawan masu bugo waya da Hausa, da yawan ƴan kasuwar da ke biyan kuɗin talla da ita.