Asalin Kalma: Amana

Daga Larabci muka aro amana, kuma tushenta ɗaya da imani da aminci da amini. Sunan Amina ma daga nan ya fito, har da na Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ake jingina mata ginin ganuwa.

A zaurukan karatu na Unguwar Juma da Kona, cikin birnin Zariya, ma'anar kalmar a fili take. Amana ita ce abin da aka ba ka ajiya, kuɗi ne ko sirri ko ɗan wani da aka kawo almajirci, kuma mai shi zai dawo ya tambaya. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce idan ajiya ta salwanta ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka. In kuwa ka yi sakaci, sai ka biya. Masu tafsiri kan daɗe a aya ta 72 ta Suratul Ahzab, inda sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗaukar amana.

Bahaushe ya haɗa ta da ci: ana riƙon amana, ana cin amana. Ko ɗan kasuwa ya gwammace a kira shi matsolo da a ce maci amana ne.

Abin da ke damuna shi ne lokacin zaɓe. Kowane ɗan takara sai ya ce mulki amana ne, amma da wuya ya faɗi abin da aka ba shi ajiya, ko ranar da masu shi za su zo karɓa. Kuɗin asibiti da albashin malaman firamare ajiya ce ta talakawa, kuma hukuncin sakaci ya hau kan wanda ya riƙe su.