Mai wanke-wanke a gidan abinci: me ya sa dokar albashi take tsallake shi tun 1981?

1/
Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da miya a Dutse, ko a mahaɗar Shuwarin, ko a bakin asibitin Jahun, akwai hannun da ya wanke farantin nan. Yau a kan ladan wannan hannun zan yi magana.

2/
Mu fara da sunayen. Kuku da boyi duk daga Turanci muka aro su. Zamanin mulkin mallaka, Bature a bariki yana da kuku, yana da boyi, a ƙarƙashinsu kuma akwai yaron kuku: shi ne ɗebo ruwa, faskare, hura wuta, wankin tukwane.

3/
Shi wannan yaron kallon ɗan gida ake masa, ba ma'aikaci ba. Ladansa abinci, wurin kwana, da ɗan abin da aka ga dama. Ku riƙe wannan, don har yau shi ne tunanin da ke mulki a kicin ɗinmu: "ai yana cin abinci a nan."

4/
A watan Yunin 1945 aka yi yajin aikin gama-gari, su Michael Imoudu a gaba, kan tsadar rayuwar da yaƙin duniya na biyu ya jawo. Sama da kwana 40 aka yi. Amma ƙarfin yajin na ma'aikatan reluwe ne da gidan waya da sauran na gwamnati. Masu ƙungiya kenan. Yaron kuku ba shi da ita.

5/
Sai 1981 aka samu dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta ƙasa baki ɗaya. NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aiki a watan Mayu, gwamnatin Shehu Shagari ta amince da N125 a wata. A canjin lokacin, wajen dala 200 kenan.

6/
To ga inda gizo ke saƙar. Dokar ta ce duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, babu ruwanta da shi. Ku faɗa min, gidan abinci nawa ne a ƙasar Hausa yake da mutum 50?

7/
Daga nan lambobi suka yi ta hawa:
2000, Obasanjo: N5,500
2011, Jonathan: N18,000
2019, Buhari: N30,000
2024, Tinubu: N70,000
A 2019 aka sauko da sharaɗin daga 50 zuwa 25. An rage ƙofar, ba a rufe ta ba.

8/
Kuma dokar ta cire masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da wanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da ya yi. Wato mai wanke-wanken da ake sallama kullum da yamma, a shagon mutum shida, ta ko'ina aka duba yana waje.

9/
Mu dawo gida. An ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka taho, a 2011 jami'ar tarayya ta zo, ɗalibai suka cika gari. Otal-otal da gidajen abinci suka yawaita. Su wa ke cikin kicin? Matasa da mata daga garuruwan kewaye irin namu, da almajirai.

10/
A 2024 Gwamna Umar Namadi ya amince da N70,000 ga ma'aikatan jiha. Madalla. Amma ku raba 70,000 gida 30: N2,333 a rana. Ku tambayi mai wanke kwanukan da kuka sani ko yana ganin haka. Na tambayi waɗanda na sani, dariya kawai suka yi.

11/
Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata doka daban, Dokar Ƙwadago ta 1974, ita ba ta ƙirga yawan ma'aikata. Ko ku uku ne a shagon, indai ɗaukar ka aiki aka yi don sana'ar mai wurin, ta shafe ka.

12/
Abin da ta ba ka:
• takardar sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da farawa
• a biya ka da kuɗi
• hutun kwana 1 cikin kowane 7
• hutun aƙalla sa'a 1 idan aikin ya kai sa'a 6
• hutun shekara na aƙalla kwana 6 da biya, bayan wata 12

13/
• hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da biya, da takardar likita
• mace mai ciki: mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin
• in ka wuce wata 3, sai an ba ka sanarwar mako 1 kafin sallama, ba "gobe kar ka zo" ba

14/
Sannan dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF ke kula da ita, ta shafi rauni a wurin aiki. A kicin kuwa rauni ba baƙo ba ne: tafasasshen mai, wuƙa, tukunyar gas.

15/
Ban manta da masu gidajen abincin ba. Hajiyar da ke fama da tsadar shinkafa da gas, ita ma da ƙyar take sha. Wataƙila ba za ta iya 70,000 ba. Amma hutun kwana ɗaya, da faɗa wa yaro ladansa tun ranar farko, da biya a kan lokaci, waɗannan ba tsadar kaya ce ta hana ba.

16/
In ƙaninka ko ƙanwarka za su fara irin aikin nan, a yi magana a gaban shaida: nawa ne, yaushe ake biya, wace rana ce hutu, wa zai ɗauki magani in an ƙone. Ko a saƙon WhatsApp ne, a rubuta. In rigima ta taso, akwai ofishin ƙwadago na tarayya, akwai kotun ma'aikata a Kano.

17/
Shekara sama da 40 ana ƙara lamba a Abuja, yaron kuku yana nan inda Bature ya bar shi. Wanda ya taɓa wannan aikin, ya faɗa mana nawa aka biya shi, a wane gari, wace shekara. Kar a kama sunan kowa. Ku tura wa wanda zai amfana. Allah Ya sa mu ci halal, mu kuma biya halal.