Tulu, caki da muryar mata: tarihin Zumuntar Mata a taƙaice 🧵

1/ Ranar Lahadi Mama ta kama ni ina dariyar waƙarsu ta Zumuntar Mata, wai tsohon yayi. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Je ki tambaya wa ya riƙe coci lokacin da fastoci suka yi gudun hijira." Na je na bincika. Ku gyara zama.

2/ Mu fara daga tushe. 'Yan mishan na SIM sun iso 1893. Karl Kumm na SUM ya sauka Wase a 1904. Ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida. Daga nan aka samu EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya.

3/ A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa. Babur, Margi, Kibaku, Birom, Angas, Tangale, kowa da yarensa, amma a coci Hausa ta haɗa su. Shi ya sa har sunan cocin ma da Hausa yake.

4/ Sai dai Turawan sun zo da salonsu. Waƙoƙin da aka fassara daga Ingilishi, a tsaya ƙyam, littafi a hannu. Da yawansu suna ɗari-ɗari da ganga, suna ganin kayan tsafi ce. Wa'azi kuma da shugabanci na maza ne.

5/ To mata fa? Tun zamanin mulkin mallaka suka fara haɗuwa su kaɗai a tsakiyar mako: addu'a, koyon karatu, kula da mai jego, gaida mara lafiya, tara kwabo-kwabo don gwauruwa. Abin da ya zama Zumuntar Mata ke nan, kuma yau da wuya ka shiga cocin ECWA, COCIN ko EYN ba ka same ta ba.

6/ Nan ne abin ya burge ni. Ba su jira izinin ganga ba. Kayan gida suka ɗauko: tulun ruwa ya zama abin kiɗa, ga caki, ga ƙwarya. Ɗaya ta bayar, saura su amsa, kamar yadda ake yi wajen daka da niƙa. Wa zai ce tulu kayan tsafi ne? 😅

7/ Ku saurari kalmomin da kyau. Suna rera labaran Littafi Mai Tsarki, amma suna kuma taɓo miji mashayi, dangi masu kwashe gadon marayu, yarinyar da aka cire daga makaranta. Abin da mace ba ta da damar faɗa daga mumbari, sai ta rera shi gaban dattawa, dole su ji. Suna da madogara: a Fitowa 15, 'yar'uwar Musa ce ta ja mata waƙa bayan ƙetare teku.

8/ Sai gwaji ya zo. Daren 14 ga Afrilu 2014, Boko Haram ta sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok. Mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. A Oktoban shekarar aka ƙwace hedikwatar cocin da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos.

9/ EYN coci ce da koyarwarta ta hana ɗaukar fansa. To ya ake neman adalci ba da makami ba? Dr. Rebecca Dali ta bi gari-gari tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, tana tallafa wa matan da suka kuɓuto. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva.

10/ A 2015 mawaƙan Zumuntar Matan EYN suka zaga Amurka da zanensu iri ɗaya, suna rerawa da Hausa, suna ba da labarin abin da ya same su. A Abuja kuma Oby Ezekwesili, Kirista, da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, Musulmai, suka tsaya tare kan a dawo da yaran. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

11/ Ga inda ke ci min tuwo a ƙwarya: matan nan su ne suka fi cika benci, su ke girkin taro, su ke kwana gidan makoki. Amma har yau manyan coci-cocinmu da dama ba sa naɗa mace fasto. Na san akwai ayoyin da ake kafa hujja da su, kuma ba da rainin dattawa nake magana ba. Tambaya ce: in muryarta ta isa ta koyar cikin waƙa, me ya rage mata a teburin yanke shawara?

12/ Abin tsoro shi ne yawancin waƙoƙin nan a ka suke. Tsohuwa ta rasu, ta tafi da nata. Wannan hutun, ku zauna da Mama ko Kaka, ku kunna waya ku naɗa, ku tambayi wa ya ƙirƙiro kowace waƙa da abin da ya faru. Ni na riga na nemi gafarar tawa, Talata ma zan raka ta zumunta. Wace waƙa kuke tunawa daga garinku? Ku ajiye a ƙasa 👇