Ƙuri'ar Adar da Alƙawarin Ƙetaren Teku: PNDS-Tarayya da Mu'amalar Nijar da Amurka, 2009 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala tana bahasi ne a kan yadda rinjayen jam'iyya guda, wadda jijiyarta take a ƙasar Adar, ya zama harsashin mu'amalar Nijar da Amurka har tsawon shekara 12, da kuma illar da ta sa ginin ya rushe cikin shekara ɗaya bayan jam'iyyar ta rasa mulki.

Asalin mas'ala

Duk mai son fahimtar al'amarin, wajibi ne ya faro daga 2009, shekarar da Shugaba Mamadou Tandja na MNSD-Nasara, bayan wa'adinsa na biyu ya kusa cika, ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki don neman abin da jama'a suka sa wa suna tazarce. Domin kuwa a ƙarshen wannan shekara Amurka ta dakatar da tallafinta wanda ba na jin ƙai ba, ta kuma cire Nijar daga rangwamen ciniki na AGOA. Darasin da 'yan siyasar Yamai suka ɗauka a bayyane yake, wato a wajen Washinton akwatin zaɓe shi ne sharaɗin halacci. Saboda haka, da soja ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairu 2010, suka shirya zaɓe, Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya, haifaffen Dandaji ta ƙasar Illela, wanda ya daɗe yana wakiltar Tawa a majalisa, ya kayar da Seini Oumarou a zagaye na biyu cikin Maris 2011 da wajen kashi 58 cikin 100, sai ya hau mulki riƙe da hujjar da Amurka ta fi girmamawa.

Abin da ƙuri'a ta sayo

Wanda ya taɓa halartar gangamin Tarayya a birnin Tawa, ya ga mata sun yi anko da atamfa mai ruwan hoda, maroƙa suna kirarin Zaki, wato Issoufou, ya san cewa maganar da ake yi a dandali ta rijiya ce, da hanya, da farashin hatsi, da halin 'yan ci-rani da ke Abijan ko Libiya. Sansanin sojan baƙi ba ya cikin abin da aka yi mubaya'a a kansa. Amma da wannan ƙuri'a ce gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar da ta sa Shugaba Obama ya sanar, cikin Fabrairu 2013, cewa ya tura soja kimanin 100 zuwa Yamai domin jiragen leƙen asiri marasa matuƙi, kuma daga wannan ɗan ƙaramin mafari aka kai ga sansani na 201 a Agadas, wanda gininsa ya ci dala fiye da miliyan 100.

Adalci ya wajabta a ambaci rabon da jihar Tawa ta samu. A Yuli 2016 hukumar MCC ta Amurka ta sa hannu a kan tallafin dala miliyan 437, kuma daga cikin manyan ayyukansa akwai gyaran filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,000, wanda madatsun Mozage da Zongo suke shayarwa. Sai dai abin lura, wannan sa hannu ya zo ne wata huɗu kacal bayan zaɓen Maris 2016, wanda Hama Amadou ya yi takararsa daga kurkukun Filinge, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Issoufou ya tashi da fiye da kashi 92. A ra'ayin mai wannan bincike, a nan ne ma'aunin ya karkace, domin Amurkar da ta hukunta Tandja saboda ya taɓa tsarin mulki ta wadatu da zahirin zaɓe tun da maslahar tsaro ta shigo tsakani.

Arewacin Adar da Azawak kuwa sun ga wata fuskar ta daban. A Oktoba 2016 aka kashe sojan Nijar 22 a Tazalit, bayan mako guda aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji daga gidansa a Abalak; ranar 21 ga Maris 2021 kuma, wata guda bayan Mohamed Bazoum na Tarayya ya kayar da Mahamane Ousmane a zaɓen shugaban ƙasa, da gagarumin taimakon ƙuri'un Tawa, 'yan bindiga suka hallaka mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Makiyayin da ya binne 'yan'uwansa a Bakorat yana da haƙƙin ya tambayi amfanin idon da ke shawagi a sama, alhali ba a taɓa ba shi amsa a dandalin yaƙin zaɓe ba.

Warwarewar ƙulli

Ziyarar Antony Blinken a Maris 2023, wadda ita ce ta farko da wani sakataren harkokin wajen Amurka ya kawo Nijar, ta zama ƙololuwar wannan zumunci. Ranar 26 ga Yuli Janar Abdourahamane Tiani ya tsare Shugaba Bazoum a juyin mulki. Ranar 10 ga Oktoba Amurka, bisa dokarta da ta haramta tallafa wa gwamnatin da ta hau ta juyin mulki, ta dakatar da kusan dala miliyan 200. Ranar 16 ga Maris 2024 majalisar soja ta CNSP da ta karɓi mulki ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, tana kafa hujja da cewa ba a taɓa shawartar wakilan al'umma a kanta ba. Ko da yake masu kafa hujjar su kansu ba zaɓaɓɓu ba ne, hujjar ta sami kunnen saurare hatta a wajen waɗanda suka sha jefa wa Tarayya ƙuri'a, saboda alƙawarin, wanda aka ƙulla da sunansu ba tare da an karanta musu shi ba, bai da mai kare shi a kasuwar Tawa ranar da aka zo warware shi. Sojan Amurka sun fice daga sansanin Agadas ranar 5 ga Agusta 2024.