Shekarar 1990 a Jamhuriyar Ireland: Ƙwallon Ƙafa, Zaɓen Shugaban Ƙasa da Batun 'Yan Ƙasa Mazauna Ƙetare

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin al'amura biyu da suka sa 1990 ta yi fice a tarihin Jamhuriyar Ireland: zuwan ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar matakin kusa da na kusa da ƙarshe a Gasar Cin Kofin Duniya ta Italiya, da zaɓen Mary Robinson a matsayin mace ta farko da ta zama shugabar ƙasa. Maƙalar ta nuna cewa hujjar masu ganin na farkon ne ya haifar da na biyun tana da rauni. Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da ƙaurar shekarun 1980 ta bari ba amsa: wane ne ɗan Ireland?

Gabatarwa

Ireland ta shiga 1990 da gajiyar shekaru goma na ƙunci. A tsakiyar shekarun 1980 rashin aikin yi ya kai kusan kashi 17 cikin ɗari, bashi ya yi wa gwamnati katutu, matasa kuma suna ta kwarara zuwa Landan da Boston da New York. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan uku da rabi, don haka da wuya a sami gidan da ba shi da wani a waje. Firaminista Charles Haughey na jam'iyyar Fianna Fáil yana mulki tare da ƙaramar jam'iyyar Progressive Democrats tun 1989, karo na farko da Fianna Fáil ta yarda ta raba gwamnati da wani. A watanni shida na farkon 1990 Ireland ce ke riƙe da shugabancin Tarayyar Turai ta wancan lokaci, kuma a Dublin aka yi taron ƙolin Afirilu da ya amince da haɗewar Jamus.

Gasar Italiya da 'yan wasan jikoki

Idan aka duba sakamako kawai, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ƙungiyar da Jack Charlton, Bature ɗan Ingila, yake horarwa ta yi kunnen doki 1-1 da Ingila, canjaras da Masar, sai 1-1 da Holan. Ƙuri'a aka jefa tsakaninta da Holan don tantance wa zai zo na biyu a rukuni. Ranar 25 ga Yuni, a Genoa, ta fitar da Romaniya a bugun fanareti bayan an tashi ba ci: mai tsaron gida Packie Bonner ya tare bugun Daniel Timofte, David O'Leary ya zura na ƙarshe. Kwana biyar bayan haka Salvatore Schillaci ya ci ƙwallo ɗaya tilo a Roma, Italiya ta sallame su. Wasa biyar, ƙwallo biyu, ba nasara ko ɗaya a cikin lokacin wasa. Duk da haka dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Dublin ranar 1 ga Yuli don tarbar su, ranar da Nelson Mandela shi ma ya sauka a birnin.

Bayanin wannan ɗoki yana cikin tarihin wasan kansa. Tun kafa Ƙungiyar Wasannin Gargajiya ta GAA a 1884, masu kishin ƙasa suke kallon ƙwallon ƙafa a matsayin wasan barikin sojan Ingila. Har zuwa 1971 dokar ƙungiyar ta hana mambobinta buga shi, kai har ma zuwa kallonsa. Saboda haka ƙwallon ƙafa ya zama wasan unguwannin ma'aikata na Dublin da wasu birane, karkara kuwa ta riƙe nata. A bazarar 1990 wannan katanga ta tsage: ƙauyukan da ba su taɓa damuwa da wasan ba suka rataya tuta. Wasannin gargajiyar ba su yi asarar komai ba, domin a Satumbar shekarar gundumar Cork ta lashe kofunan ƙasa biyu na GAA a lokaci guda, abin da ta yi rabo da shi tun 1890.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne asalin 'yan wasan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1956 ta ba wa wanda iyayensa ko kakanninsa haifaffun Ireland ne damar karɓar fasfo, Charlton kuma ya yi amfani da ita ba kunya. Kyaftin Mick McCarthy a Barnsley aka haife shi, John Aldridge a Liverpool, Ray Houghton a Glasgow. Paul McGrath, wanda magoya baya suka fi so, an haife shi a Landan, uwarsa 'yar Ireland, ubansa ɗan Nijeriya, ya kuma girma a gidajen marayu na Dublin. Jaridun Ingila sun yi ta ba'a da ƙungiyar a kan haka. Amma ga iyalin da ɗansu ke aikin gini a Landan, waɗannan 'yan wasa su ne kamannin jikokin da za a haifa musu.

Zaɓen Nuwamba

Tun 1973 ba a yi takarar kujerar shugaban ƙasa ba, domin muƙami ne na girmamawa da jam'iyyu kan sasanta a kansa. Dick Spring na jam'iyyar Labour ya dage sai an yi zaɓe, ya tsayar da Robinson, lauya kuma tsohuwar sanata da ta yi suna wajen shari'o'in 'yancin mata da na ɗaiɗaikun mutane. Ta fara yawon neman ƙuri'a watanni kafin abokan hamayyarta, ta shiga ƙauyuka da tsibirai. Duk da haka kowa ya ɗauka Brian Lenihan, mataimakin firaminista kuma ɗan takarar Fianna Fáil, shi zai ci.

Abin da ya kayar da Lenihan tsohon zance ne. A Janairun 1982 an zargi shugabannin Fianna Fáil da buga waya fadar Shugaba Patrick Hillery don su matsa masa ya ƙi rushe majalisa. A lokacin yaƙin neman zaɓen, Lenihan ya musanta a talabijin cewa yana cikin masu bugun, sai ga kaset ɗin hirar da ya yi da wani ɗalibi mai bincike, inda ya faɗa da bakinsa cewa ya buga. Abokan haɗakar gwamnati suka ce ko ya sauka ko su fice. Ranar 31 ga Oktoba Haughey ya kori amininsa daga majalisar ministoci, saura mako guda zaɓe. Tausayi ya fara dawo wa Lenihan da ƙuri'u, sai minista Pádraig Flynn ya soki Robinson a rediyo game da matsayinta na uwa da matar aure, mata da yawa suka fusata. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Alƙaluman 7 ga Nuwamba sun cancanci a tsaya a kansu, domin masu labarin sabuwar Ireland kan tsallake su. A zaɓin farko Lenihan ne kan gaba da kusan kashi 44 cikin ɗari, Robinson tana da kusan 39, Austin Currie na jam'iyyar Fine Gael yana da 17. Tsarin zaɓen ƙasar yana ba mai ƙuri'a damar jera 'yan takara bisa fifiko. Da aka cire Currie, fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unsa suka koma wa Robinson, da haka ta haye. Da tsarin mafi yawan ƙuri'a ake bi, kamar na Birtaniya, da Lenihan ne shugaba duk da abin kunyar. Babu wani gurbi a wannan lissafi da za a saka bugun O'Leary. Haughey ma, wanda ya zagaya filin Roma yana ɗaga wa magoya baya hannu, bai ci ribar ƙwallon ba: a Fabrairun 1992 ya sauka.

Inda al'amuran biyu suka haɗu

Bayan an rantsar da ita ranar 3 ga Disamba, Robinson ta sa a riƙa kunna fitila a wata tagar fadar shugaban ƙasa domin waɗanda suka bar gida, bisa tsohuwar al'adar ƙasar ta haska wa matafiyi hanya. A 1995 ta yi wa majalisun dokoki biyu jawabi a kan mazauna ƙetare. Kafin wannan lokaci 'yan siyasa kan ɗauki ƙaura a matsayin abin kunyar da ba a son ambato, ko kuma hanyar rage yawan marasa aiki. Ƙungiyar Charlton ta riga ta saba wa jama'a da jin karin harshen Liverpool a bakin mai sanye da koriyar riga, shugabar kuma ta ba wa abin harshen hukuma. Gyaran tsarin mulki na 1998, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Ireland ta Arewa, ya rubuta alaƙar ƙasar da zuriyarta ta waje a sashe na 2.

Sai dai karɓar ta tsaya a fasfo da riga. Ɗan Ireland da ya tare a ƙetare, in ba jami'in diflomasiyya ko soja ba ne, ba shi da ƙuri'a a zaɓen majalisar wakilai ko na shugaban ƙasa. Babban taron duba tsarin mulki ya ba da shawara a 2013 cewa a ba su damar zaɓen shugaban ƙasa, amma an yi zaɓukan 2018 da 2025 ba tare da su ba.